Dasa libusb a kan sabon OS: flashrom yana gane cip amma yana maƙalewa wajen karatu

Auwal_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah ina neman shawarar duk wanda ya taɓa shiga cikin kod ɗin libusb, laburaren da manhajoji ke bi su yi magana da na'urorin USB. Mu ƴan aji muna da wani ƙaramin OS da muke rubutawa, ba Linux bane ba BSD bane, namu ne daga tushe amma muna bin POSIX iya gwargwado, akwai pthread akwai poll akwai pipe, kuma direban xHCI ɗinmu, wato na kontirolan USB, yana ganin kibod da filas lafiya lau. Ni aka ɗora wa aikin dasa libusb a kai saboda in ta hau to manhajoji irin su flashrom mai karanta cip da rubuta shi da avrdude da OpenOCD da rtl-sdr duk sun samu ƙofar shiga, ba sai mun rubuta wa kowace na'ura direbanta ba. Inda nake yanzu ta yi kompail, listdevs yana jero na'urori da lambobinsu daidai, control transfer yana tafiya. Na jona CH341A, ƴar na'urar USB da ake ɗora cip a kai a karanta ko a rubuta, flashrom ya gane cip ɗin har ya faɗi sunansa W25Q64 da girmansa 8MB, amma da ya fara karatu sai komai ya tsaya cak, ba error ba komai sai dai in kashe shi. Abokina yana cewa mu watsar da libusb ɗin mu rubuta tamu mai kama da ita, ni kuma zuciyata bata kwanta da hakan ba.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam Auwalu. Kafin kowa ya ce komai faɗa mana abu biyu, kanel ɗinku yaya yake karɓar transfer daga manhaja, kuma wane bakend, wato ɓangaren libusb da ke magana da OS, ka kalla ka rubuta naka?

Auwal_Zariya:
Malam ioctl ɗaya ne, wato kira ɗaya da manhaja ke yi wa kanel, ka miƙa masa bafa, wurin ajiyar kaya a memori, da lambar endpoint, ƙofar shiga ko fitar kaya a jikin na'ura, sai ya riƙe ka har sai na'ura ta gama sannan ya dawo. Na fara da null_usb.c don in ga ta haɗu, daga nan na bi salon na OS ɗin Haiku, wato kowace na'ura da aka buɗe tana da zaren aiki, thread kenan, guda ɗaya da layi, submit_transfer ya jefa a layi, zaren ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya ya kira ioctl ɗin.

Malam Nura:
To ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Buɗe ch341a_spi.c a flashrom ka duba yadda yake aika kaya. CH341A tana karɓar fakiti mai bayit 32, na farko umarni ne sauran 31 su ne kayan da za su bi ta SPI, kuma kowane fakiti ka tura sai ta maido maka amsa mai bayit 31. Shi ya sa flashrom yake tura rubutu babba guda ɗaya a endpoint na fita sannan nan take ya jera karatu da yawa, har 32 a lokaci guda, a endpoint na shiga, yana sa ran duka biyun suna gudana tare. A naka kuma zare ɗaya ne, ya ɗauki rubutun ya shiga ioctl yana jiran ya ƙare, ita na'urar ɗan wurin ajiyarta ya cika da amsa ba wanda ya zo ya kwashe sai ta daina karɓar sabon fakiti, su kuma karatun da za su kwashe suna bayan layi suna jiran rubutu ya gama. Lokacin gane cip umarnin ƙarami ne yana shigewa gaba ɗaya kafin ta cika, shi ya sa wancan ya wuce.

Sani mai gyara:
Kamar motoci biyu su haɗu gaba da gaba a lungun da ba ya cin mota biyu kenan, kowa na jiran ɗan uwansa ya ja baya. Ni dai ban iya kod ba amma wannan ƴar na'urar kullum tana hannuna a shago, da ita muke sake rubuta BIOS ɗin laftop ɗin da ta mutu. Ƙanena wace iri gareka, baƙar nan mai ruwan gwal a gefe?

Auwal_Zariya:
Ita ce Oga Sani.

Sani mai gyara:
To ka kula, irin wannan baƙar da yawansu wutar da ke ciyar da cip 3.3 ce amma layukan data suna fitar da kusan 5, ka sa mita ka auna da kanka kafin ka ɗora cip ɗin da kake so. In kuma cip ɗin na 1.8 ne irin na sababbin laftop dole sai da adafta. Kar ka zo kana neman matsala a kod alhali cip ne ya soye.

Bashir Ɗan Maraɗi:
Ni kam ina bayan abokinka Auwal. Ku dubi FreeBSD mana, su basu dasa libusb ta asali ba, Hans Petter Selasky ya rubuta musu tasu tun FreeBSD 8.0 a 2009, tana cikin tsarin kanta, sunayen ayyukan iri ɗaya ne da na libusb 1.0 har da tsohuwar 0.1 amma cikin duk nasu ne kuma lasisin BSD ne ba LGPL ba. Manhaja tana kiran libusb_open bata san ma wa ya amsa ba. Ku da kuke da kanel ɗinku a hannu me zai sa ku tanƙwara kanku ku shiga tsarin da aka gina shi a kan Linux? Duk wanda ya karanta io.c ya san an zana ta ne tana kallon usbfs, hanyar da Linux ke ba manhaja ta taɓa USB, poll a kan lambar fayil da sauransu, sauran OS duk dabara suke yi su shige ciki.

Maman Ihsan:
Bashir gaskiyarka kan tarihi, Daniel Drake ya fitar da 1.0 a ƙarshen 2008 Linux kaɗai take yi a lokacin, amma abin da ka ce su yi ba zai warware ma yaron nan komai ba. Ko ya rubuta laburare sabo fil yau da daddare ioctl ɗin nan mai riƙe mutum yana nan a ƙasa yana jiransa, flashrom zai sake tsayawa a daidai inda ya tsaya. FreeBSD abin ya yi musu kyau ne saboda mutum ɗaya ne ya sake rubuta ɓangaren USB na kanel ɗin da laburaren a tare, ya ba kanel hanyar karɓar transfer da yawa ba tare da jira ba. Ba a laburare gizo ke saƙar ba.

Kuma akwai nauyin da ba a faɗa, duk sanda libusb ta asali ta ƙara sabon aiki sai ƴan FreeBSD sun bi baya sun rubuta nasu, kafin su yi kuwa duk manhajar da ta fara amfani da sabon sai an yi mata faci kafin ta haɗu. Su suna da jama'a da shekaru, ku ɗalibai ne wasunku baɗi sun tafi bautar ƙasa, wa zai riƙe?

Bashir Ɗan Maraɗi:
Anti ai bakend ɗin ma sai an riƙe shi. A 1.0.24 da suka sake fasalin events da threads duk wanda ke da bakend a waje sai da ya koma ya gyara.

Maman Ihsan:
Eh amma fayil ɗaya ne ko biyu, ba dubban layuka na karanta descriptor da lissafin wa'adi da kulle-kullen zare ba. Wannan ɓangaren mutane sun sha wahalarsa fiye da shekara goma sun toshe ramukan, kyauta aka baka.

Khadija_dev:
Dan Allah ku ɗan dakata da mu ƴan baya, ni Python nake yi, pyusb kawai na sani. Mene ne bakend ɗin nan takamaimai, kuma me yasa ba za a yi wa libusb_bulk_transfer kaɗai aiki ba tunda ita naga kowa yana kira kuma ita ma jira take yi?

Malam Nura:
Tambaya mai kyau Khadija. libusb hawa biyu ce. Na sama shi ne wanda kowa yake kira kuma iri ɗaya ne a ko'ina. Na ƙasa yana cikin foldar libusb/os, kowane OS da fayil ɗinsa, linux_usbfs.c, darwin_usb.c, windows_winusb.c, openbsd_usb.c, netbsd_usb.c, sunos_usb.c, na Haiku kuma C++ ne. Kowanne cike gurabe yake yi a wani tsari mai suna usbi_os_backend da ke libusbi.h, yadda za a nemo na'urori, buɗewa, rufewa, karanto descriptor, claim_interface, submit_transfer, cancel_transfer da sauransu. Akwai ma fayil mai suna PORTING a saman kod ɗin da ke bayanin wannan.

Shi kuma libusb_bulk_transfer da kike gani yana jira, leƙa sync.c ki gani, a ciki submit yake yi irin na marar jira sannan ya zauna yana juya events har kolbak, kiran da ake maido wa manhaja, ya ce an gama. Wato ba wata hanya ta daban a ƙasa, komai ta submit_transfer yake bi. Har wa'adi ma haka ne, in lokaci ya cika hawan sama ne yake kiran cancel_transfer na bakend, in bakend bai iya sokewa ba to sai dai kanel ya riƙe wa'adin da kansa.

Khadija_dev:
Na gane yanzu Malam, nagode. Kenan pyusb ɗina ma ta nan take bi.

Auwal_Zariya:
Malam to amma ai OpenBSD naga nasu ma mai jira ne, a cikin submit ɗin yake gama aikin gaba ɗaya, cancel ɗinsu ma LIBUSB_ERROR_NOT_SUPPORTED kawai yake maidowa, kuma an karɓe shi yana cikin libusb tun 1.0.9 a 2012. Shi yasa na ɗauka nawa mai zare ma ya fi ƙarfin buƙata.

Malam Nura:
An karɓe shi kam, Martin Pieuchot ne ya rubuta, kuma yana biyan buƙatar abubuwa da yawa irin sikana da kyamara da ƙananan firogirama waɗanda tambaya ɗaya amsa ɗaya suke yi. Iyakarsa daga ugen ta fito, direban da kanel ɗinsu yake bayarwa, abin da yake da shi kenan ya yi aiki da shi. Na Haiku ma haka, Akshay Jaggi ya yi shi a Google Summer of Code na 2014 ya shiga 1.0.20 a 2015, usb_raw ɗinsu ioctl mai jira yake bayarwa shi yasa ya sa zare, kuma in ka duba sokewarsa transfer ɗin da yake layi bai fara ba shi ake iya cirewa a dawo da shi nan take, wanda ya riga ya shiga kanel sai dai a sa masa alama a jira. Waɗannan mutanen sun tarar da kanel ne yadda yake. Kai kuma kanel ɗin naku ne, wanda ya rubuta xHCI ɗin ƙila benci ɗaya kuke zama a aji, me zai sa ka gaji iyakar da ba dole a kanka?

Injiniya Habu:
Ina bin ku tun ɗazu. Akwai hanya ta tsakiya in lokaci ya ƙure musu, maimakon zare ɗaya ga na'ura ya yi zare ɗaya ga kowane endpoint. Rubutu na nasa zaren karatu na nasa, CH341A za ta saki nan take, gyaran bai wuce na zama ɗaya ba, in dai kanel ɗin yana barin ioctl biyu su shiga na'ura ɗaya a lokaci guda ba kulle ɗaya ya sa wa duka ba.

Maman Ihsan:
Zai saki amma da ja da ƙafa. Amsar bayit 31 gajeren fakiti ce, a ƙa'idar USB gajeren fakiti yana rufe transfer, kenan kowane bayit 31 sai zare ya fito daga kanel ya ɗauki na gaba ya koma, ka raba 8MB gida 31 ka ga sau nawa, ya haura dubu 270. Kuma ya ce rtl-sdr mai kama rediyo ta USB na cikin burinsu, wannan kam ba ta yafiya, a samfur miliyan 2.4 cikin daƙiƙa kowanne bayit biyu kusan 4.8MB kenan duk daƙiƙa, ita bata tsayawa ta jira ka, shi yasa laburarenta yake jera bafa 15 kowanne 256KB tun kafin a fara. In akwai rata tsakanin transfer da transfer samfur zubewa suke yi, sauti ya dinga tsinkewa.

Injiniya Habu:
Ban musa ba Hajiya, ni dai cewa nayi ya samu abin nunawa malamansu tukunna ya ga flashrom ya karanta cip daga farko har ƙarshe, daga baya a shiga kanel a nutse. Ganin abu yana aiki shi ke sa yara su ci gaba.

Bashir Ɗan Maraɗi:
To na sauko daga batun sabon laburare amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya, in za a shiga kanel kar a kwafi usbfs ido rufe. Su Linux a /dev/bus/usb komai ioctl ne, SUBMITURB da REAPURBNDELAY da DISCARDURB, kuma kanel yana ware nasa bafa yana kwafe kaya tsakaninsa da manhaja har sai da aka sa iyakar 16MB da masu manyan kyamarori suke ta ƙarawa da hannu. Ku ɗauki ma'anar ku bar siffar.

Malam Nura:
A nan mun haɗu Bashir. Ma'anar abu uku ce, miƙa ka dawo nan take, karɓi wanda ya gama, soke wanda baka so, sai kuma lambar fayil ɗin ta iya tada poll in wani ya gama. In suka samu wannan handle_events ɗinsu gajere ne ba zare ko ɗaya.

Auwalu ga inda za ku sha wuya, gara ka sani tun yanzu. Miƙawa da karɓa masu sauƙi ne a xHCI tunda shi kansa a jere yake aiki, TRB, wato ƙananan umarnin transfer, kake zubawa a zoben endpoint ka buga ƙararrawa. Sokewa ce aikin, sai ka aika Stop Endpoint, ka jira ya tabbatar ya tsaya, ka tsallake TRB ɗin da aka soke da Set TR Dequeue Pointer ko ka maida su marasa aiki, sannan ka sake tada shi, kuma a tsakanin nan transfer ɗin yana iya gamawa da kansa, dole kolbak ya zo sau ɗaya tak ko ta wace hanya. Na biyu in an fizge na'ura ana cikin aiki duk abin da ke layi sai ya dawo da LIBUSB_TRANSFER_NO_DEVICE, in ɗaya ya ɓace manhaja za ta zauna jiransa har abada. Na uku wanda ya fi haɗari, in aka kashe manhaja tana da transfer a hanya kanel ya tsayar da kontirola kafin ya saki memori ɗin, in ba haka ba na'ura za ta zuba kaya a memorin da aka riga aka ba wani, irin wannan ɓarnar ba a wurin take nunawa ba sai can wani waje da ba ruwansa da USB.

Auwal_Zariya:
Allah ya saka da alheri Malam, na kwafe duka. Na duba yanzu kulle ɗaya ne ga na'ura gaba ɗaya a kanel ɗin, kenan ko shawarar Injiniya sai an taɓa kanel, tunda haka ne gara a taɓa shi sau ɗaya a yi na gaskiya.

Khadija_dev:
Ni tambayata ta izini ce, wa zai iya buɗe na'urar? A Linux sai na rubuta dokar udev kafin pyusb ta ga abu ba tare da sudo ba, a Windows kuma sai Zadig.

Maman Ihsan:
Wannan ma shawara ce da su za su yanke ba libusb ba, kuma kowane OS da tasa. Windows baya barin manhaja ta taɓa na'ura sai an ɗaura mata direba irin WinUSB, abin da Zadig ke yi kenan, Pete Batard ne ya rubuta shi, shi ne dai mai Rufus kuma shi ya yi yawancin bakend ɗin Windows. Android kuma manhaja bata da ikon leƙa /dev/bus/usb, sai ta roƙi UsbManager mai waya ya danna amincewa a bata lambar fayil, shi yasa aka ƙara libusb_wrap_sys_device a 1.0.23 a 2019 don a miƙa mata fayil buɗaɗɗe. Har burauza ta samu nata bakend a 1.0.27 a 2024 ta WebUSB, can ma mutum ne yake zaɓar na'ura da hannunsa. Ni da za a tambaye ni salon Android zan ce su kalla, kuma detach_kernel_driver kar su bar shi a buɗe ga kowa, manhajar da ta iya ƙwace kibod daga kanel ta iya karanta fasuwod ɗinka.

Injiniya Habu:
Kuma wajen gwaji ka sauƙaƙa wa kanka, kunna OS ɗin a QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, a kan Linux da qemu-xhci ka miƙa masa na'urar ta usb-host, vendorid 0x1a86 productid 0x5512, sai ka buɗe Wireshark a kan usbmon kana kallon duk abin da ke wucewa. Ka fara ɗaukar flashrom yana karatu a Linux kai tsaye ka ajiye, sannan ka ɗauki naka ka jera su gefe da gefe. Shi kansa usb-host na QEMU da libusb yake magana da na'urar. Amma sokewa da fizge waya sai ka maimaita a kan kwamfuta ta gaske, kontirolan QEMU ya fi na gaske haƙuri.

Bashir Ɗan Maraɗi:
In ya yi aiki za ku tura musu su haɗa a ta asali?

Maman Ihsan:
Kar su yi gaggawa. Masu kula da ita kaɗan ne kuma aikin sa kai ne, daga 1.0.8 a 2010 sai da aka yi kusan shekara biyu ba sabon fitarwa har wasu suka ɓalle suka yi libusbx a 2012, sai Janairun 2014 aka sake haɗewa a 1.0.18. Bakend ɗin OS da ba za su iya kunnawa su gwada ba kaya ne a kansu. Ku riƙe shi a matsayin faci a ma'ajiyar kod ɗinku, a fili tunda LGPL ce, ku taɓa configure.ac da Makefile.am da foldar os kaɗai kar ku taɓa hawan sama, duk sabon fitarwa ku sake ɗora shi ku gwada. In OS ɗin ya samu masu amfani a waje da ajinku sai a yi maganar turawa.

Auwal_Zariya:
Shikenan Anti haka za a yi. Na tura wa mai xHCI ɗin wannan hirar gaba ɗaya, ya ce miƙawa da karɓa zai fara, ni kuma in cire zaren aiki in rubuta handle_events da ɗan gwajin da zai miƙa karatu ya soke ya sake miƙawa ba tsayawa. Oga Sani in akwai matattun bod a shago da za a ciro cip ɗinsu ina so, bana son in gwada rubutu da gogewa a kan guda ɗayan da nake da shi.

Sani mai gyara:
Akwai su cike da kwali, in ka shigo Kano ka biyo ta titin Beirut ka kira ni. Zan ciro maka masu 3.3 da iska mai zafi in haɗa maka da ƴar adaftar da ake dasa su a kai, kar ka yi gwajin da kilif mai kama ƙafafun cip, kilif ɗin nan yana zamewa ya baka karatu daban-daban ka ɗauka kod ɗinka ne. Kuma duk cip ɗin da ka karanta ka karanta sau biyu ka haɗa sha256sum ɗinsu, in basu zo ɗaya ba kar ka rubuta komai.